Ina Laifin Inna?

Akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, yau kuwa na ga ya kamata in fito da ita fili, ko da za a ce na tsaya ɓata tawada a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Maganar ita ce ta sunan da yaro ke kiran uwarsa da shi.

Ga abin da ya tayar mini da ita. Ran nan ina zaune a ofishin da na ke aikin akawu, sai wata mata ta shigo da ɗanta, yaro ɗan shekara kamar 12, sanye da kayan makaranta fes. Takarda za a cika masa. Matar ba ta yi karatun boko ba, yaron ne ke duba mata. Da aka zo wurin sa hannu sai ya ce, "Momi, nan za ki dangwala." Ba ta ko motsa ba. Ya sake faɗa, sai ta waiwaya bayanta ta ga ko wata ce a ke kira. Sa'an nan yaron ya sunkuyo kusa da kunnenta, ya rage murya, ya ce, "Inna, da ke na ke." Nan da nan ta miƙo babban yatsa. Yaron ya dube ni, ya dubi sauran mutanen da ke kan benci, ya sunkuyar da kai kamar wanda aka kama da hannu cikin tukunyar miya.

To, ya kai mai karatu, me yaron nan ya sata? Wane abin kunya ya aikata? Uwarsa ya kira da sunan da ta sani, wanda ya fara buɗe baki da shi tun yana goye a bayanta. Amma wani ya riga ya koya masa cewa sunan nan na cikin ɗaki ne, ba a fita da shi gaban mutane. Da wannan mai koyarwa na ke faɗa, ba da yaron ba.

Bari mu fara daga tushe. Bahaushe yana da kalmar uwa, kuma ba shi da kalmar da ta fi ta nauyi. Duk abin da ya ke shi ne babba, wanda sauran ke rataye da shi, uwa ya ke ce masa. Akwai uwar kuɗi a hannun ɗan kasuwa, akwai uwar maƙera a gaban maƙeri, akwai uwar yaƙi, da uwar adashi, da uwar ɗaki, da uwargida. Wanda ka fi kusa da shi a duniya ɗan'uwa ka ke ce masa, watau ɗan da kuka haɗa uwa, alhali kuwa 'yan ubanci kishi ya ke nufi da gaba. Amma duk da haka ba za ka taɓa jin ɗa mai tarbiyya ya tsaya a tsakar gida ya ƙwala kira ya ce "Uwa!" kamar yadda zai kira ƙanensa ba. Dalili kuwa kowa ya san shi. Kalmar ta yi kaifi, har ta zama makamin ashar a bakin marasa kunya, shi ya sa in za ka tambayi mutum lafiyarta sai ka kauce ka ce mahaifiyarka, ko gyatumarka, ko tsohuwarka. Sunanta na yanka kuma ya fi ƙarfin bakin ɗanta. Sabo da haka dole aka nemi wani suna mai taushi na kira, ko wace ƙasa kuwa ta nemo nata, ko wane gida ya zaɓi wanda ya gada.

Wanda ke son ya ji yawan sunayen nan ba sai ya hau mota ba. Ya shigo cikin birnin Kano da hantsi, ya bi lungu-lungu daga Kurmi, ya kasa kunne kurum. Birnin nan tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, matattarar baƙi ne, sunayen unguwanninsa ma sun isa shaida. Ga Zangon Barebari, ga Tudun Nufawa, ga Agadasawa, ga Ayagi inda Yarabawa fatake suka zauna, ga Dandalin Turawa da Alfindiki inda Larabawan Tarabulus da Gadamas suka sauke kayansu, ga Madabo ta malaman Wangarawa. Ko wane ayari ya zo da hajarsa, ya zo da tuwonsa, ya kuma zo da sunan da 'ya'yansa ke kiran uwa. Bayarabe Iya ya ke cewa, Bahaushe ma yana da Iya, kalma ɗaya ta haɗa bakin biyu. Banufe Nna ya ke cewa. Babarbare Ya ya ke cewa, shi ya sa za ka ji Yagana da Yakura a sunayen matansu. Balarabe kuwa daga umm ya ke ɗebo nasa. Da Fulani suka karɓi mulkin Kano bayan jihadi, a farkon ƙarni na 19, sai Dada da Nene suka shigo manyan gidaje, tare da Gwaggo da Yafendo da Kawu da Baffa. Jikokin mutanen nan duka sun zama Kanawa, da yawansu ko kalma goma ba su iya ba ta harshen kakanninsu, amma sau da yawa sunan uwa shi ne na ƙarshe da ke saura a gida, kamar tsohuwar randa da ba a fasawa ko an sake ginin ɗaki. Ka ji gida ana cewa Dada, ba sai ka tambayi asalinsu ba.

In ka fita daga ganuwa kuma sai abin ya ƙara faɗi. Can yamma, wajen Sakkwato da Gobir da Zamfara, Inna ce ta fi ƙarfi. Wajen Katsina da Daura da Zazzau za ka ji Iya da Inna suna tafiya kafaɗa da kafaɗa. Akwai gidaje da yawa kuma da a ke ce wa uwa Baba, abin da ke rikita baƙo, domin a rubuce ba shi da bambanci da Baban da a ke ce wa uba, sai a baki ne karin sauti ke raba su. Wata Baturiya mai suna Mary Smith ta zauna da wata tsohuwa a Giwa ta ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, ta rubuta labarin rayuwarta, aka buga shi littafi a 1954. Sunan tsohuwar Baba, mutuniyar Karo kusa da Zarewa. Turawa da yawa sun san zaman Hausawa ta bakin matar nan, wadda ba ta taɓa haihuwa ba, amma ta yi riƙon 'ya'yan dangi har suka girma. Hausawan zango na Kumasi da Ankara Mma su ke cewa. A Jamhuriyar Nijar kuma, inda Faransanci ne harshen makaranta, 'ya'yan ma'aikata Maman su ke cewa, abin dariya kuwa shi ne haka nan a ke rubuta Mamman sunan namiji a can. Ashe dai ciwon da na ke kuka da shi ba namu ne mu kaɗai ba, ko wane tsuntsu dai kukan gidan Baturensa ya koya.

Yanzu masu cewa Inna da Iya sunayen ƙauye ne, sai su matso kusa mu yi ƙidaya. A ƙasar Gobir Inna sarauta ce, ita ce babbar mace ta gidan sarki, shugabar mata, mai faɗa a ji, har yau kuwa ana naɗa ta a Tsibiri. A Maraɗi, inda Haɓen Katsina suka kafa gari bayan jihadi, Iya ita ke riƙe da irin wannan matsayi. A Zazzau kuwa sarautar Iya ta yi girman da 'ya'yan sarki maza ne ke riƙe ta. In kuwa an ce ai waɗannan sarautun gargajiya ne, to, mu leƙa gidan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kansa. Matarsa Hauwa'u, mahaifiyar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, da Inna Garka aka san ta, wata matar tasa kuma, A'ishatu, da Iya Garka. Gida ɗaya, ga Inna ga Iya. Mutanen gidan nan Larabci ba ya yi musu wuya, mazansu da matansu, Nana Asma'u ma ta yi waƙoƙi da shi, da Fulatanci, da Hausa. Da sunayen nan na jahilci ne, da su ne za su fara yar da su. Wane ɗan birni ne yau ya fi su wayewa?

Mu nan Kano kuma mun san darajar da a ke ba uwa tun daga fada. Mahaifiyar sarki ita ce Mai Babban Ɗaki, kuma kashegarin Salla, ranar Hawan Daushe, al'ada ita ce sarki ya hau da hakimansa duka ya nufi Babban Ɗaki gaisuwa. Mutumin da kowa ke faɗuwa a gabansa, ran nan shi ke zuwa gaida wata.

Akwai kuma wani amfani na yawan sunayen nan wanda sai wanda ya tashi a babban gida ya san shi. Gida mai mata uku ko huɗu, ga matan 'yan'uwan maigida, ga kaka, in duk suna ɗaya a ke kiransu da shi ai sai a yi ta karo. Sabo da haka sai a raba. Uwargida ta zama Inna, mai bi mata ta zama Baba, ta uku Gwaggo, kaka ta zama Iya. Abin lura kuwa shi ne 'ya'yan gidan duka haka su ke kira, ba ɗan ɗaki kaɗai ba. Baƙo ya kan kwana bakwai bai gane wa ya haifi wa ba, kuma haka a ke so. Sunan na gida ne gaba ɗaya, ba na mai haihuwa ba.

Ni kaina ban kira wadda ta haife ni Inna ba. Ni ɗan fari ne, kun kuwa san kunyar ɗan fari a wurinmu. Ba ta kama sunana, ba ta yi mini wasa gaban mutane, da aka yaye ni sai aka kai ni wurin kakata. Kakar nan ita na buɗe baki na ce wa Inna. Mahaifiyata kuwa na ji ƙannenta suna ce mata Yaya, sai na bi bakinsu, har Allah ya karɓi ranta Yaya na ke ce mata. Ina makarantar allo, na kusa kai izu biyar, sa'an nan wani yaro ya tona mini asiri cikin faɗa. Na koma gida da kuka na tambayi Inna, ta yi dariya ta ce, "To, in ita ta haife ka, wa ya goya ka?" Ba na cewa al'adar nan ba ta da aibi. Na san zafinta, na kuwa ga yara da suka tashi suna tsammanin uwarsu ba ta son su, kuma ban yi baƙin ciki ba da ta yi sauƙi yanzu. Abin da na ke so a gane shi ne, a da sunan nan ba haihuwa kaɗai ke jawo shi ba. Wahala ke saye shi, da goyo, da tashin dare. Ƙanwar uwa Inna ce, domin ran da uwa ta faɗi ita ce za ta ɗauka.

To, yaya aka yi muka zo inda yaro ke raɗa sunan uwarsa? Ba dare ɗaya aka yi ba. Wasu za su ce boko ne, amma ni ban yarda ba. Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nasarawa tun 1909, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a 1939, amma mutanen da suka yi karatu a zamanin nan, suka zama malaman En'e da alƙalai da ministoci, ba su koma gida sun sake wa iyayensu suna ba. Mutum ya kan wuni yana Ingilishi da Joji, da yamma ya tuɓe takalmi a ƙofar ɗaki ya durƙusa ya ce, "Inna, barka da yamma." Abin da ya kawo canji shi ne ranar da suna ya zama tufa, watau abin da a ke sawa don a nuna wa maƙwabta arziki.

Hajiya ce ta fara buɗe ƙofa. Sa'ad da tafiya Makka ke cin shekaru a ƙasa ta hanyar Sudan, mace mai wannan suna ɗaiɗai ce a unguwa. Da jirgin sama ya sauƙaƙa hanya, daga wajen 1950 zuwa gaba, sai 'ya'ya suka fara kiran uwa da shi. Wannan ba laifi, aikin Hajji abin alfahari ne. Amma daga nan ne kunne ya fara rarrabe gidan da aka je da wanda ba a je ba. Sai Umma ta bazu tare da makarantun Islamiyya, sai Mama ta bi bayanta daga gidajen ma'aikata. Daga baya, da makarantun kuɗi na ƙananan yara suka cika gari, aka kawo Momi da Dadi. Aka jera su kamar matakalar bene, Momi a sama, Mama da Umma a tsakiya, Inna da Iya a ƙasa wajen takalma. Yau in ka ji an ce Iya a gidan mai kuɗi, galibi tsohuwar da ke wanke-wanke a ke nufi. In ka ji Inna a bakin titi, mai ƙosai a ke kira. Masu shirya wasan kwaikwayo na Hausa kuma, waɗanda sana'arsu ta kafu a nan Kano tun wajen 1990, sun ƙara wa wutar makamashi. Ku lura da kyau in kuna kallo. Matar da ke zaune kan kujera mai laushi, da gwal a wuya, Hajiya ce ko Momi. Wadda ke tsugune gaban murhu da ɗaurin ƙirji, tana kuka an kore su daga gidan haya, ita ce Inna. Yaro ya ga wannan sau ɗari, wa zai hana shi jin kunya?

Na san amsoshin da a ke bayarwa, domin na sha yin gardamar nan a zaure.

Akwai masu cewa Umma ta fi, don ita ce ta addini. Waɗannan su na fi jin haushi, gama su ne yau ke yi wa masu Momi dariya, alhali kuwa abin da Momi ke yi wa Umma yanzu shi Umma ta yi wa Inna jiya. Ɗan abin da na karanta a gaban malamaina, addini ya umurce mu da kyautata wa iyaye, da tausasa musu harshe, ya kuma fifita haƙƙin uwa. Bai ajiye mana wata kalma ya ce da ita kaɗai za a kira ta ba. Larabawan ma ba baki ɗaya su ke ba, wani ya ce Ummi, mutanen Sudan su ce Yumma, na Masar da yawa Mama su ke cewa. Umma suna ne mai daɗi, wanda ya gaje shi ya riƙe abinsa. Amma kada a ɗaura masa rawani a ce wanda bai faɗe shi ba Musuluncinsa da saura.

Akwai masu cewa Inna sunan iska ne, ga 'yan bori na kiranta, ga kuma ciwon shan inna. Gaskiya ne akwai wannan. Amma su tambayi kansu, wa ya ari sunan wurin wani? Mutanen da, sabo da tsoron abin da ba su gane ba, su kan ba shi suna mai daɗi don su lallashe shi, sai suka ɗauki mafi daɗin sunan da su ke da shi suka ba iskar. Uwa ce mai suna, iska ta ara. Yanzu kuwa mun san ciwon nan ƙwayar cuta ce ke kawo shi, rigakafi kuma ke maganinsa, har a watan Agusta na 2020 aka tabbatar da cewa asalin ƙwayar mai yaɗuwa da kanta ta ƙare a Afirka. Ilmi ya ƙwace ciwon daga hannun iska. Ashe kamata ya yi mu karɓo sunan mu mayar wa mai shi, ba mu bar wa 'yan bori shi ba.

Sai kuma 'yan mata masu sabon aure, da ke cewa Inna na tsofar da mutum. Haba, 'yan'uwa mata! Kakanninku an kira su Inna tun ba su kai shekara ashirin ba, bai kuwa fito musu da furfura ba. Sunan ya yi kama da na tsofaffi ne domin tsofaffi kaɗai kuka bar wa shi. Ku jira kaɗan, nan da shekara arba'in Momi ma za ta yi tsumma, jikokinku su ce sunan kaka ne, su nemo wani.

Amsar da ta fi ƙarfi ita ce ta masu cewa, "Malam, kai da bakinka ka ce Gwaggo aro ce, Dada aro ce, Umma aro ce. To, me ya sa aron Ingilishi kaɗai ke tsone maka ido?" Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, ba kuwa zan kauce mata ba. I, Hausa ba ta taɓa ƙin baƙo ba. Wanda ya buɗe ƙamus ɗin Bargery, wanda aka buga a 1934, zai ga kalmomin Larabci da na Barebari da na Fulani da na Buzaye sun zauna daram sun zama 'yan gida. Ni ma da ke wannan rubutu, ofis na ke zuwa, a tebur na ke zama. Amma baƙo iri biyu ne. Akwai wanda ya zo aka ba shi ɗaki, ya zauna lafiya da masu gida. Gwaggo ta shigo, Baba ba ta fita ba. Dada ta shigo, ba wanda ya ji kunyar Iya. Akwai kuma baƙon da ya zo ya hau gadon maigida, ya ce masa ya koma zaure ya kwana. Ban taɓa jin yaron da ya raɗa Dada don kada a ji ba. Da Momi ta shigo ta zauna a layi ɗaya da sauran, da ban ɗauki alƙalami ba. In mace ta ga ita Momi ta ke so, ɗanta ne, bakinsa ne, ba ni da ta cewa. Abin da ba ta da iko a kansa shi ne ta bar ɗanta ya yi wa ɗan maƙwabta dariya.

Kuma Momi ba ita kaɗai ta zo ba, ta zo da ƙanwarta Anti, wannan kuwa ɓarnarta ta fi yawa. Ku duba yadda Bahaushe ya tsara danginsa. 'Yar'uwar uwa Inna ce, ko Yafendo a wasu gidaje. 'Yar'uwar uba Gwaggo ce, ko Baba. Ɗan'uwan uwa Kawu ne, ɗan'uwan uba Baffa ne. Ko wane da matsayinsa da haƙƙinsa. 'Ya'yan Baffa da 'ya'yan Inna 'yan'uwanka ne, kamar ciki ɗaya. 'Ya'yan Gwaggo da na Kawu kuwa taubasai ne, abokan wasa, waɗanda za ka tsokana su tsokane ka ba mai fushi. Ran neman aure Baffa a ke turawa. Ran da aka yi wa yaro faɗa a gida, gidan Kawu ya ke gudu. Yaro na koyon wannan duka ba tare da an zaunar da shi ba, daga kira kurum. Yanzu an kwashe su an zuba a kwando ɗaya. Ƙanwar uwa Anti, ƙanwar uba Anti, amaryar uba Anti, matar wa Anti, malamar makaranta Anti, mai sayar da atamfa a Kantin Kwari ita ma Anti. Sau nawa na ke tambayar saurayi a ofis, mai gemu, in ce wannan da ka rubuta a matsayin danginka na kusa, yaya ku ke? Ya ce, "Antina ce." In ce ta wajen uwa ko ta wajen uba? Sai ya tsaya yana susar ƙeya, wani har sai ya buga waya gida. Wanda bai san ta wace ƙofa mutum ya shigo danginsa ba, yaya zai san abin da ke kansa game da shi ran da aka yi mutuwa, aka bar marayu, aka zo rabon gado?

Abin mamaki, muna yar da sunayen nan ta ƙofa, suna komowa ta taga. In aka yi wa jaririya sunan kakarta, ba mai iya kama sunan, sai a sakaya a ce mata Ummi, ko Mama, ko Uwani, kamar yadda a ke ce wa namiji Abba. Kunyar sunan uwa tana nan da ranta ke nan. Mutumin da ba ya iya faɗin sunan mahaifiyarsa ko a kan 'yar da ya haifa, shi ne kuma ke jin nauyin a ji yana ce mata Inna gaban abokan aikinsa.

Ku da kuka shiga ajin manya da girmanku, kuka yi yaƙi da jahilci har kuka kai ga karanta wannan da kanku, da ku na ke magana musamman, domin ku ne a bakin gaɓa. Mutum in ya fara gane baƙi da fari, zuciya ta kan raya masa cewa duk abin da ya bari a gida duhu ne. Za ku sa 'ya'yanku makaranta, kuma daidai ne, ku sa su, maza da mata. Za su dawo da sababbin kalmomi, ku bar su su koya. Amma ran da yaro ya dawo ya ce malama ta ce daga yau Momi za a riƙa cewa, ko ya ce yara sun yi masa dariya, kada ku yi shiru, kada kuma ku dake shi. Ku zaunar da shi ku gaya masa inda sunan gidanku ya fito, ko daga Gobir ne, ko daga Barno, ko daga rugar kakanni. Ku gaya masa wace ce Inna Garka. In malamar ce ta faɗa, ku je ku same ta cikin ladabi, ku ce ta koya masa Ingilishi iyakar iyawarta, amma sunan uwarsa ba ya cikin abin da kuka biya kuɗi a gyara. Malaman makaranta kuma, da masu rubuta littattafan yara, da masu wasan kwaikwayo, me zai hana ko sau ɗaya a nuna mana likita ko alƙali ya sauko daga mota ya durƙusa ya ce Iya?

Matar nan da ɗanta sun dawo ofis bayan mako biyu karɓar takardarsu. Na duba rajista na ga sunansu, amma ban kira shi ba. Na ɗaga murya yadda duk na kan benci za su ji, na ce, "Inna, ki matso, taku ta fito." Mata uku suka miƙe tsaye.